Ranar da Maigidana Ya Miƙe wa Likita

Ni ba mai yawo ba ce. A unguwar Aƙiƙ aka haife ni, a Aƙiƙ aka yi mini aure, kuma in ba Harami za ni ba ko gaisuwar mutuwa, sai in yi wata ban ɗauko abaya ba. Amma shekarar da maigidana ya faɗo daga kan dabino, sai da na san hanyar asibiti kamar hanyar madafina.

Kakanninmu da ƙafa suka zo Hajji suka zauna, mu 'yan ƙasa ne da takardunmu. Hawan dabino kuwa maigidana gado ya yi. Mahaifinsa a Khaibar ya koya, shi kuma a gonakin Awali ya yi ta yi tun gemu bai fito masa ba. Yana da wata igiya mai kauri da yake zagaya wa ƙugunsa da jikin bishiya, ita ke riƙe shi a sama. Ranar da ya faɗo ba ita ta tsinke ba, ƙafarsa ce ta zame. Baya ya karye, aka sa masa ƙarfe, ƙafar hagu ta zama sai ya ja ta.

Muka nemi tallafin da hukuma ke ba naƙasassu. Yanzu duk a waya ake yi. Ni aji huɗu na yi aka cire ni, karatuna a hankali yake tafiya, amma akwai kalmomi biyu da na haddace har siffarsu: tahtal ijra, wato ana kan aiki. Kullum da safe in na ɗora shayi sai in buɗe, su ne dai. Wata uku muna haka kafin a ba mu ranar ganin lajna, kwamitin likitocin da ke duba mutum su faɗi iyakar naƙasarsa.

Ranar ya yi wanka, ya sa na goge masa farar taguwarsa ta Juma'a, ya shafa turare. Da muka isa ya bar sandarsa a mota. Na ce, "Malam, sandar fa?" Ya ce ba zai shiga gaban manyan mutane yana dogarawa kamar mai neman a ji tausayinsa ba.

Likitoci biyu muka tarar. Muna zaune sai na uku ya shigo, dattijo mai furfura. Ai kuwa maigidana ya miƙe tsaye, zumbur, mutumin da a gida sai na ba shi kafaɗa yake tashi. Ni kaɗai na ji ɗan ƙaran da ya fito daga maƙogwaronsa, don na san shi. Dattijon ya ce, "Kaif halak?" Ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ciwon fa? Da sauƙi. Barci? Alhamdu lillahi. Aka ce ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ya cije ya taka kamar soja. Ina bayansa a zaune, bakina cike da magana, amma yaya zan ƙaryata mijina a gaban maza? Kwana biyu ya yi a kwance bayan wannan takun.

Mu haka muka tashi. Ko kana kan gargara aka ce ya jiki, da sauƙi za ka ce. Babba ya shigo, ka tashi. Su kuwa likitocin abin da suka gani suka rubuta, ban ga laifinsu ba. Bayan wata biyu saƙo ya shigo: naƙasar ba ta kai a ba da tallafi ba.

Yayarsa a hawan da ke ƙasan namu take zaune. Mijinta ya rasu, bakinta kuwa yana nan da ransa. Ta hawo tana haki, ta zauna, na zuba mata shayi da na'ana'a, sannan na ba ta labari tun daga turaren.

Ta dube shi ta ce, "Ƙanena, neman aure ka je ko neman lafiya?"

Ya ce, "Yaya, ƙarya kike so in yi? Ni ban kai wasu ba. Akwai waɗanda a keke ake turo su."

"Ƙaryar ai ka riga ka yi ta. Wanda ya ce da sauƙi alhali matarsa ke sa masa takalmi, me sunansa?"

"Godiya ce ga Allah."

"To ka gode masa a zaune. Shi ya san da ƙarfen."

Ya yi dariya, bayan ya kama shi, dariyar ta tsaya.

Muka shigar da i'itiradi, wato ƙorafin a sake dubawa. Aka sake neman rahoton asibiti, wanda muke da shi an ce ya tsufa. Ganin likitan ƙashi kawai sai da muka jira makonni. Muka koma kan kalmomin nan biyu.

A cikin jiran ne ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni. Muna cin abincin rana ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In talƙihi ya zo ba su amsa ba, zan koma." Talƙihi shi ne lokacin da sanyi ya fara ja baya, ake hawa a sa wa macen dabino furen namiji. Kwanaki ne ƙalilan, masu gona suna neman hannun da ya iya ido rufe. Likitan ƙashi kuma ya gaya mana ƙarara, in ya sake faɗuwa ba zai ƙara takawa ba. Na ce, "Malam, yayyena sun ce za su riƙe gidan." Ya ce shi ba zai zauna surukai na ciyar da shi ba. Da ya shiga alwala na cire igiyar daga ƙusar bayan ƙofa, na tura ta ƙarƙashin buhun shinkafa.

Daga nan kunnena ya koma kan waya. Saƙon hukuma da na masu talla ƙara ɗaya suke yi. Ina tsaka da wanke nama zan ji, in ruga da hannu jiƙe, in tarar ragin kuɗin turare ake sanar da ni. Sanyi da na saba yi wa tsiya, shekarar nan roƙonsa nake ya daɗe.

Aka ba mu ranar lajna ta biyu sanyi na gab da tafiya. Yayarsa ta hana shi turare, ta ɗora masa sanda a cinya ta ce, "In ka bar ta a mota, da ita zan karɓe ka." A ɗakin, likita na shigowa na ga ya dafa kujera zai yunƙura. Na kama gefen taguwarsa na riƙe. Ban taɓa yi masa haka a gaban mutane ba. Ya zauna. Aka ce ya jiki, ya fara, "Alhamdu lillahi..." Likitan bai gaggauta shi ba, can ya tambaye shi yadda yake salla. Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce tun da ya faɗo goshinsa bai taɓa ƙasa ba, a kujera yake yi, shi ya sa ma ya daina zuwa sahun gaba. Likitan ya daɗe yana rubutu.

Na ɗauka kwana biyu ne za a amsa. Mako uku, tahtal ijra. Sai mai gonar da yake yi wa aiki ya kira, ina ji daga madafa: furanni sun buɗe.

Da safe ya tsaya a bayan ƙofa yana kallon ƙusar. Ya ce, "Ke, ba ni abata." Na ce wace? Ya ce, "Shekara talatin muna tare, kin taɓa ɓoye abu ba a wajen shinkafa ba?" Na roƙe shi da girman iyayensa, na ce ko mako ɗaya ya ƙara. Ya miƙo hannu kawai. Na ɗauko na ba shi, da ƙwayoyin shinkafa maƙale a jikinta.

Yinin nan ban ɗora tukunya ba. Yayarsa ta hawo ta zauna tare da ni, kuma ranar ce kaɗai na ga bakinta a rufe. Wayar na tsakaninmu a kan darduma. In ta yi ƙara ban san wanne nake tsoro ba, hukuma ko asibiti.

Bayan la'asar muka ji sandarsa a matakala, ɗaya bayan ɗaya. Ya shigo, taguwarsa duk ƙasa daga baya, hannunsa babu igiya. Ya zauna ya sha ruwa, sannan ya ce ya zagaya ta a ƙugu, ya ɗora ƙafar dama, ta hagun ta ƙi biyowa. Sau uku. Sai ya kwance ta ya miƙa wa wani ma'aikaci mutumin Damagaram, ya zauna a gindin bishiya yana nuna masa furen da ya nuna da wanda bai kai ba.

Yayarsa ta ce, "To, ya jikin?"

Ya ce, "Yaya, babu sauƙi."

Ta ce, "Madalla. Yau ka warke daga ciwo guda ɗaya."

Amsar sai da dabino ya fara ƙwaya ta zo, an amince. Na karanta sau biyu da yatsa a kan kalmomin, na kai masa ya karanta da kansa. Har yanzu in likita ya shigo sai na ga ya dafa kujera, ni kuma hannuna na kusa da taguwarsa. Ƙusar nan ta bayan ƙofa, jakar magungunansa ke rataye a wurin.