Baƙin da Suka Shiga Rediyon Inna

Wata Laraba ce, sati uku kafin Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar, muka kusa hana kakarmu Inna Hajo zuwa Makka, ni da ƙanwata Balki. Kawunmu Bello, mai tallar magani a kasuwar Tambuwal, shi ya bar makirfonsa mara waya a ɗakinmu. Idan ya yi magana a ciki, muryarsa a rediyonsa take fitowa. Mu kuwa da shegen taɓe-taɓe muka yi ta murɗa wani ɗan ƙarfe a gindinsa da bakin wuƙa, har ya faɗa kan tashar da Inna take saurare. Tashar daga Sakkwato take zuwa, a gajiye take isowa, namu kuwa ga shi nan bayan rumbu. Da mun kunna sai mai labarai ya ɓace ɗif. Kai, daɗin da muka ji ranar ba ya faɗuwa! Mu hura iska, mu kankari ƙwarya, Balki ta yi kukan akuya. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "A'uzu billahi, wanga akwati ya yi baƙi." Ta turara shi da hayaƙi don korar aljanun, ta ɗaura wa eriya laya, mu kuma muna birgima cikin ƙaiƙayi don dariya.

Amma ba don nishaɗi Inna take tsare da rediyo ba. Bayan labaran rana ake kiran ƙananan hukumomin da maniyyatansu za su hallara sansanin alhazai, wanda bai ji ba kuwa jirgi ba ya jiransa. Shekara da shekaru tana burin tafiyar nan. Jakarta a ɗaure take, da yajinta da garin kununta. Mun san haka sarai, ƙuruciya ce kawai, dangin hauka.

Ranar Larabar muka danne labaran da kiran maniyyatan tun daga farko har ƙarshe. Bayan azahar sai ga maƙwabcinmu Malam Sambo, malamin ajinmu, ya same ta tana ɓarar gyaɗa. Ya ce, "Inna, mi kike yi nan? An kira Tambuwal da Kebbe, motoci sun tashi tun ɗazu." Inna ta yunƙura, hawaye suka zubo. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba sai ranar, kuma wallahi na tsani kaina. Na fito da makirfo a hannu na faɗi gaskiya. Ko kallona ba ta yi ba. Malam ya ɗora jaka kan tankin babur, ya goya ta, muka bi su da gudu har bakin titi. Allah ya taimake mu, a Dogon Daji suka cim ma motocin, an tsaya sallar la'asar.

Dukan da muka sha ba sai na faɗa ba. Washegari Malam ya mai da mu darasi a aji. Ya ce idan muryoyi biyu suka hau mita ɗaya, mai ƙarfi ce take danne mai rauni. Ya ce da gangan wasu gwamnatoci suke yi wa tashoshin ƙetare haka don kada mutanensu su ji, sojoji kuma suna ɗora irin na'urar a mota don kada a tayar musu da bam ta waya. Duk da kunya, sai da na ji kaina ya ɗan kumbura.

Da Inna ta dawo, kowa ya karɓi tsarabarsa, ni ce ta ƙarshe. Ta saka mini zobe ta ce, "Ke, gaban Ka'aba na roƙa miki hankali, ban roƙa ma kowa kamar ke ba." Yanzu maniyyaci yana kwance saƙo zai same shi a waya, babu mai tsaron akwati, Inna ma ta daɗe da rigan mu gidan gaskiya. Ban sani ba ko an amsa addu'ar tata, amma da ita nake tafiya har yau.