Yumɓun da Na Samo a Tsakar Gida

A shekarun da kuɗin mai ya tumbatsa, kowa gini yake so, gwamnati kuma ta ce sai an kafa masana'antar jan bulo. Aka tura ayarinmu Wudil neman yumɓu mai kyau. Mu shida ne, ni kaɗai ce mace, ban daɗe da gama karatun ilimin ƙasa da duwatsu ba. Tun a mota shugabanmu ya gaya mini, cikin ladabi kuwa, cewa wannan ce fitata ta ƙarshe. In mun koma Kano zai ba ni tebur in riƙa zana taswira, wai rana ba ta mace ba ce. Na ce, "To, Yallaɓai," amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ba don in zauna ƙarƙashin fanka na sha wuyar karatu ba.

Kwana huɗu muna haƙa a bakin kogi, duk abin da muka ciro rairayi ya yi masa yawa. Ran na biyar muka shiga wani ƙauye wajen Darki. Mai unguwa ya tara dattawa a zaure, aka yi ta gaisuwa har da ban gajiyar hanya, ni kuwa aka ce in shiga ciki wurin mata. Dattawan nan manoma ne, sun san jigawa sun san fadama. Amma tukwanen garin mata ke gina su, kuma babu wanda ya tuna da haka.

A tsakar gida na tarar da wata tsohuwa tana gina tulu. Na durƙusa na gaishe ta, na gutsuri yumɓunta na murza a haƙori, yadda aka koya mana. Sumul yake, ko ɗigon rairayi babu.

Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, uwarki maginiya ce?"

"A'a, Iya, a makaranta na koya."

Ta yi dariya har da tafi. "Ashe har makaranta ake zuwa koyon cin ƙasa!"

Na tambaye ta inda take ɗebowa. Ta ce bayan kukar gabas, amma sai an haƙa kamu uku, an wuce baƙar ƙasar da ke sama.

Na fito na tsaya a bakin zaure na faɗa musu, ban sassauta murya ba. Aka tafi aka haƙa. A kamu na uku sai ga shi, lafiyayye, yana manne wa shebur. Shugaba ya ɗanɗana da kansa.

Sai da muka hau gada a hanyar komawa ya yi gyaran murya. "Malama, gobe Kausani za mu. Ke za ki fara shiga gidajen."

Daɗi ya cika ni, amma ban bari ya gani ba. Na ce, "Zan shiga, Yallaɓai. Sai dai in na fito, a zaure zan zauna in faɗi abin da na samo."

Ya ce, "Za a shimfiɗa miki tabarma."