Kawu Tanko da Jiƙaƙƙiyar Auduga

Ku da kuka san Kawu Tanko na Gozaki, wa ya taɓa shan hannu da shi? Babu! Gwiwar hannu yake miƙo maka, ya ce, "Kama nan, tafin yana wanka." Gumi ne da shi na ban mamaki, ko ana tsananin ɗari tafinsa ɗiga yake. Wani boka ya ce iska ce, a yanka mata baƙin zakara. Kawu ya ce, "Zakarana? In tana son nama ta yi kiwo."

Ga maƙo! Ranar da matarsa Inna Mairo ta ce gishiri ya ƙare, cewa ya yi, "Kawo miyar in tsoma yatsa."

Gaskiyarsa ce kaɗai ba ya wasa da ita. Bayan samun mulkin kai da kaɗan, muka kai auduga kasuwa tare. Malamin auduga, mai duba kyanta ya ba ta lamba, ya taɓa bakin buhun, inda Kawu ya gama dannawa, ya ji damshi.

"Ka yayyafa ruwa don ta yi nauyi!"

Kawu na rantsuwa, gumi na zuba. Malamin ya dubi jama'a ya ce, "Kun gani? Marar gaskiya ko cikin ruwa gumi yake yi." Aka kwashe da dariya. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Washegari ya taka har asibitin Malumfashi, don shiga mota a wurinsa almubazzaranci ne. Likita ya ce ba iska ba ce, ba tsoro ba ne, jikinsa ne ke fitar da gumi fiye da kima, kuma masu irin larurar suna da yawa, ɓoyewa suke yi. Ya rubuta masa takarda. Kafin Kawu ya iso kasuwa, takardar ta jiƙe sharkaf a hannunsa, tawada ta narke!

"Ita ma yayyafa mata ka yi?" in ji malamin.

"Malam, ɗebo busasshiyar auduga da hannunka ka ba ni."

Kawu ya dunƙule ta jim kaɗan, ya miƙa masa a jiƙe. Malamin ya cusa hannu can cikin buhun Kawu, ya ji ta a bushe ƙarau. Lamba ɗaya!

Kawu ya ɗaga tafinsa sama. "Jama'a, ku gyara karin maganarku. Mai gaskiya ma yana gumi!"

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya karɓi gaskiyarsa.