Dalmar Soron Baba

Fiye da shekara talatin Baba ya yi yana narka dalma a soron gidanmu a Koki. Matattun baturan mota yake saye, ya farfasa, ya narka abin cikin a kasko bisa gawayi, ya ƙera kawunan batir da 'yan dunƙulen da masunta ke ɗaura wa raga. Cikin wannan warin muka tashi.

Shekarar da na fara koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata, na roƙe shi ya zuba mini sandar dalma. Ina so in jera ta da ta tagulla da ta ƙarfe, in ɗiga musu kyandir a baki ɗaya, in sa wuta a ɗayan, ɗalibai su ga wadda zafi zai riga ratsawa.

Ya ce, "Dalma ce za ta zo ƙarshe. Raguwa ce. Sai ki riƙe nan, can yana narkewa, an jima kafin yatsunki su sani. In ta ɗau zafi ma, ƙara nawa take yi. Kuma ba ta ja kamar ƙarfe, balle ta gargaɗe ki."

Da ta huce ya ɗauko zai miƙo mini, sai wuyan hannunsa ya lanƙwashe, sandar ta faɗi tsakaninmu.

"Baba, me ya sami hannun?"

"Sanyi ne. Ɗauki ki tafi, kada ki makara."

A aji yadda ya faɗa haka ya faru. Yara suna ta shewa, ni hankalina yana gida.

Sai da na yi wata biyu ina lallashi kafin ya yarda muka je asibiti. Likita ta ɗaga leɓensa, ta ga wani baƙin layi a dasashi, ta tambayi sana'arsa. Ashe ciwon cikin da muka daɗe muna jiƙa masa sassaƙe a kai, dalma ce. Ta ce a kawo duk 'yan gidan a ɗebi jini.

Wadda aka fi samu a jininta ita ce jikarsa, 'yar yayana mai shekara biyu, wadda ta koyi rarrafe a wannan soron.

Ni na gaya masa. Ya ce, "Kullum nesa da wutar nake ajiye ta."

Aka kankare daɓen soron aka yi siminti, aka fitar da kayan aikin. Hannun bai dawo daidai ba. Mama ke riƙe masa buta in zai yi alwala. Yarinyar shekararta shida yanzu, magana ba ta zauna mata ba. In ta zo ta hau cinyarsa, yakan kira uwarta ya ce a zo a ɗauke ta.