Abin da ya sauko a gonar maigidana

Yanzu jiragen soja marasa matuƙi suna ratsa samaniyar Dakoro, ba mai ɗaga kai ma. A zamaninmu ba haka ba ne.

Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, ina amarya a wani ƙauye kusa da Birnin Lalle. Maigidana tsohon soja ne, ya dawo daga aikin Faransawa yana ɗingishi. Muna cikin girbin gero da hantsi sai wani abu fari ya sauko daga sama kamar ƙaton zane, ya faɗi a gonarmu. Akwai ɗan akwati rataye da shi, da waya a jiki.

Nan da nan gari ya taru. Maƙeri yana son wayar, mata suna son ƙyallen. Kawun maigidana kuwa ya iso da bakin wuta a hannu, ya ce a ƙone shi kowa ya huta.

Maigida ya ɗauki hauya, ya ja layi ya kewaye abin daga nesa.

"Kawu, don Allah a kashe wutar nan," in ji shi. "Ba kowa a ciki, amma yana da mai shi. Ba mu san abin da ya ɗauko ba. Kada a taɓa, kada a matsa, sai masu shi sun zo."

Kawu ya yi ta faɗa, amma ya turmuƙe wutar cikin rairayi. Aka tura mai doki ya sanar da jandarma a Dakoro. Maigida ya tsare gabas, ya ce ni in tsare yamma. Ni da ban iya haɗa ido da surukaina ba, ranar na wuni da kara a hannu ina korar yara da awaki, har da wata gwaggonsa da ta lallaɓo da wuƙa za ta yanki ƙyalle.

Washegari sojoji suka zo a mota, duka ƴan ƙasarmu. Babbansu ya duba, ya ce na'urar auna iska ce, kuma iskar da ke ɗaga ta tana kamawa da wuta. Ya waiga ya ga damman gero jibge kusa, ya tambayi wanda ya ja layin.

"Ni na ja," in ji maigida, "amma da mai ɗakina muka tsare."

Sojan ya ƙame ya sara mana mu biyu, a gaban duk gari. Na rufe fuska da mayafi, amma bakina ya ƙi rufuwa don murna.