Kwamfutar da ta daina neman mijina

Shekarun baya, ina goyon ɗana na fari, mijina yana aiki a wata masana'antar man gyaɗa a nan Bauchi. Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma na san aikinsa sarai, don a kunnena yake sauke gajiyarsa. Injinan wurin suna aika zafinsu da nauyin abin da suka tace zuwa wata kwamfuta, ita kuma ta miƙa wa masu kamfanin. Matsalar ita ce duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta, kwamfutar mutuwa take yi. Sai mijina ya kunna ta, ya sa lambar sirri, ya buɗe manhajar da ke karɓar bayanan. In ya yi jinkiri a sami giɓi, manaja ya hau shi da faɗa.

Yaronmu sikila gare shi. Abin da ya riƙe mu a aikin nan ba albashin ba ne, katin asibitin kamfani ne. Da shi ake ba yaron gado, da shi ake ƙara masa jini.

Amma kujerar gaban kwamfutar nan ta hana ni miji. Ranar da ciwon yaron ya tashi da azahar, na kira shi ina kuka, ya ce wuta na ta wasa, ba zai iya matsawa ba. Ni kaɗai na tare keke napep daga Fadaman Mada, yaro na miƙewa a hannuna. Na yi kwanaki ina tsine wa kwamfutar da ban taɓa gani ba.

Sai kamfani ya kawo wani matashin injiniya daga Yelwa. Ya ce zai mayar da manhajar ta riƙa aiki ta bayan fage: wuta na dawowa ta tashi da kanta, ba lambar sirri, ba abin da za a gani a allo, in ta faɗi ma ta sake miƙewa. Mijina ya zauna da shi, ya zayyane masa duk halin kwamfutar. Ni kuwa don murna har masa na soya da miyar taushe na aika wa injiniyan. Wai ni mai godiya.

Makonnin farko mun ji daɗi. Har asibiti mijina ya raka mu, ya riƙe yaron ana duba shi. Amma na lura wayarsa ta yi shiru. Da can ko loma ya ɗauka sai an kira shi. Na ce masa, “Baban yaro, wurin da ba a nemanka, anya?”

Ya yi dariya ya ce, “Ke dai ba a raba ki da fargaba. Da ana kira kin yi kuka, yanzu an daina kin yi kuka.”

Ba a jima ba manaja ya kira shi ofis. Ba faɗa, har kujera ya ba shi. Ya ce kowa ya shaida amanarsa, sai dai kujerar kwamfutar ba ta buƙatar mutum yanzu. Da zai fita aka ce ya bar katin asibiti wurin sakatare. Katin yana jakata. Da ya dawo gida karɓa, ni na ciro shi na miƙa masa, yaron yana bayana yana barci.

Yanzu mijina keke yake ja, yaron kuma muna bin layin asibitin gwamnati, Allah na rufa asiri. Kwanaki ya ɗauki injiniyan nan a hanyar Ɗan Iya. Injiniyan bai ma san an sallami mijina ba, ya zaci keken na neman ƙari ne. Yana ta murna ya ce, “Oga, abin nan namu har yau bai tsaya ba ko sau ɗaya.” Mijina ya ce masa Allah ya ƙara basira.

Abin da ke ci min rai har yau shi ne na rasa wanda zan riƙe. Injiniya aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Manaja bai zagi kowa ba. Duk dai a ƙarshe ɗana ne ya rasa gado a asibiti, kuma a cikinsu babu wanda ya san sunansa.