Shekarar da Aka Shuka Na'ana'a a Kaskon Wutata

Masu zuwa Madina lokacin zafi ba sa yarda idan aka ce musu muna yin ɗari. To, su zo in sanyi ya kama, iskar dutsen Uhudu ta shiga musu ƙashi, ruwan alwala ya ciji yatsunsu, sannan mu yi magana.

A nan aka haife ni, a nan na tsufa, kuma ba wanda zai koya mini yadda ake tarbar sanyi. A sauko da barguna a shanya a rana. A naɗe bututun tankin ruwa da tsohon buhu. A cusa tsumma a ramukan taga, a bar guda ɗaya iska tana shiga. Sai kasko: a hura gawayi a waje har hayaƙin ya ƙare ya yi jajir, sannan a shigo da shi. Bayan la'asar ƙawayena su zo, tsofaffi irina, mu kewaye shi. Butar shayi a gefen toka, gyaɗa tana gasuwa, baki yana aiki har a kira magariba. Mazajenmu sun rasu, 'ya'ya suna wajen aiki, jikoki ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. Wannan zaman shi kaɗai ya rage mini, kuma a ɗakina ake yin sa tun muna tsohuwar unguwarmu ta Sih.

Sai babban ɗana ya kwashe mu zuwa sabon gida a Aziziya, hawa na biyu. Sanyin farko da ya zo, na tashi da safe na same shi yana liƙe tagogi da wani soso mai gam. Ƙasan ƙofa ma bai bari ba. Na ce madalla, yaro ya san aiki. Na ce a kawo mini kaskona.

"La, ya ummi. Mamnu'u," in ji shi da Larabci, wai an hana.

"Yi mini Hausa. Ba a ofishinku muke ba."

"Inna, gawayi yana kashe mutane a rufaffen ɗaki. Ba hayaƙi, ba wari. Mutum ya ji barci kawai, shi ke nan."

"Wa ya rufe ɗakin? Ba kai ba ne yanzun nan da hannunka?"

Ya ce ko ya ɓare soson ba amfani, tagar ɗakina ba waje take kallo ba, wani ɗan lungu ne tsakanin gine-gine, iska ba ta ratsa shi. Na leƙa. Bangon maƙwabta ne kawai da na'urar sanyaya ɗakinsu. Ba na gardama da bango, amma raina ya ɓaci.

Da yamma ya shigo da abin da suke kira daffaya. Fara ce, mai haƙarƙari kamar ramammiyar akuya, da ƙafafun taya. Ya jona ta da lantarki. Ba ja, ba ƙamshi, ba ƙara. Ya ce kada a shanya mata tufafi, kada a ɗora mata komai, kada a haɗa ta soket ɗaya da wani abu. Na ce, "To ita wannan baƙuwa ce ko ma'aikaciya?"

Ƙawayena suka zo. Muka zauna kewaye da ita kamar masu jiran likita. Ɗumi akwai, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma ina za ka sa ido? Babbar cikinmu, wadda muke ce wa Yaya, ta miƙa hannu ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Hajiya, an kunna kuwa?" Surukata ta kawo shayi a fulas, da gyaɗar leda. Hira ta tashi ta faɗi, ta tashi ta faɗi. Tun rana ba ta yi ja ba kowa ta tuna tana da abin yi a gida.

Suka fara raguwa. Daga baya na ji wai a unguwar Uhudu ake zama, gidan wata ƙawarmu mai tsakar gida, wadda ko shayi ba ta iya dafawa ba. Aka aiko wai in zo. Ni? In shiga mota in je gidan wata in ji ɗumin wutarta?

Na tsare surukata a kicin. "'Yar nan, ina kaskona?"

Ta sunkuyar da kai. "Yana sama, Inna. Amma don Allah kada ki yi fushi."

Na ja ƙafa na hau saman gida. Ga shi can kusa da tanki, cike da ƙasa, na'ana'a ta yi kore shar a ciki. Kaskon da uwata ta dafa shayin sunan wannan ɗan nawa a kai! Na juye shi a tsohon bokiti, na ce ga gonarku nan.

Da ɗana ya dawo na ce, "Ɗaki naka ne, ka liƙe abinka. Sama fa? Ita ma ba iska?"

"Inna, sanyi zai kama ki."

"Sanyi ya san ni kafin ya san ka."

Washegari ya hau sama ya ɗaura tamfol ta ɓangaren da iska ke bugowa, ya bar sauran a buɗe. Ya shimfiɗa darduma, ya ajiye bokitin ruwa, ya ce kafin mu sauko a kashe wutar tas, kuma ko garwashi ɗaya kada ya bi mu ƙasa. Na ce na ji, sarkin doka.

Na sa aka buga wa ƙawayena waya. Ba duka suka dawo ba, wasu gwiwa ta hana su. Yaya kuwa ta zo. Tun daga ƙasa nake jin ta tana tsine wa wanda ya gina matakalar, tana hutawa, tana sake tsinewa. Ta iso tana haki, ta zube kusa da kasko, ta ja bargo har wuya.

"Ke da ɗanki za ku kashe ni," in ji ta. "Matso da butar nan. Kin ji abin da ya faru a gidan Uhudu jiya?"

Ban ji ba. Na gyara garwashi, na ce ta fara daga farko.